Idon Aro a Gonar Auduga

Ina da cikin wata huɗu na yanke hukunci cewa abin da ke cikina mace ce, kuma sunan kakata za ta ci. Ba likitan da ya duba ni, a ƙauyenmu na Jazira ba a yin wannan a ƙarshen shekarun casa'in. Na dai sani. Na riga na haifi maza biyu, na san halinsu, tun asuba suke shuri. Wannan kuwa lamo ta yi tana jiran lokacinta. Mijina ya yi dariya ya ce in dai mace ce, zaɓin suna nawa ne, tunda na mazan danginsa suka cinye.

Matsalar guda ce, ban san sunan ba.

Kakar da nake nufi ita ce wadda ta haifi babana. Ba ita ta rene shi ba. Ranar da aka yaye shi, goggonsa, yayar mahaifinsa da Allah bai ba haihuwa ba, ta goya shi ta kawo shi nan kusa da Hasahisa, inda mijinta yake da hawasha, wato gonar da ake nomawa da ruwan magudana. Ita muka sani, ita muka kira kaka har ta rasu, kuma sunanta ya cika gidanmu, duk ɗakin da ka leƙa akwai takwararta. Wadda ta haife shi kuwa, abin da muka ji kawai shi ne ta rasu da ƙuruciya a wani ƙauye can kudu. Ko a sadakar da ake yi wa mamata a ƙarshen azumi, Baba zai jero kowa da kowa, har maƙwabcin da suka yi shekara suna gaba, ita ko sau ɗaya bai sa ta ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

Na same shi a rumfa da hantsi yana sake wa gado igiya. Na gaishe shi na zauna.

“Baba, sunan mahaifiyarka nika so.”

“Kin san shi. Ga hannunta kinka girma.”

“Wadda ta haife ka nika nufi.”

Ya ja igiyar har gadon ya yi ƙara. Ya ce bai sani ba, kuma na yarda da shi. Ɗa ba ya kama sunan uwarsa, goggon kuma in magana ta kama sai ta ce yarinyar nan ta bakin kogi. Amma bai tsaya nan ba, ranar bakinsa ya buɗe. Ya ce sau ɗaya aka kai shi ganinta, yana ɗan yaro mai wayo. Aka ce ga ta can tana daka. Ya kwasa a guje. Tana hango shi ta ajiye taɓarya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗakin maƙwabta. Har suka baro garin ba ta fito ba.

Na ce, “Baba, ai kunyar ɗan fari ce.”

“Kunya na san ta, ya bitti, ɗiyata, ba ke za ki koya min ba. Amma kunya ba ta hana a aiko ma yaro ko ƙwarar gyaɗa. Na girma cikin ɗiyan Larabawa, kowane uwatai da sunan shi aka kiran ta, ta rungume shi gaban mutane. Ni har ta mutu ban ji muryarta ba. Wadda ba ta so ni ba, ba ni son a riƙa kiran sunanta cikin gidana. Halas.”

Duk wanda ya san Baba ya san in ya ce halas an gama. Sai dai taurin kan nan a wurinsa na gada, kuma nawa ya fi nasa ƙuruciya. Na ce a raina, yarinyar da ta ɗauki ciki ta yi naƙuda ba za ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Zan nemo sunan, sannan mu san wanda zai sauko tsakanina da shi.

Rusairis na fara zuwa, domin a can dangin kakana namiji suke, kuma kowa ya san wani tsoho ɗan uwan Baba ne ke riƙe da takardar asalinmu. Na bar wa surukata yaran na hau mota. Tsohon ya karɓe ni da murna, aka kawo shayi, sannan ya shiga ɗaki ya fito da gafaka. Ya warware takardar a kan cinyarsa, rubutun ajami ne, tawadar ta koma ja. Ya bi ta da yatsa yana karantawa, daga wanda ya baro ƙasar Sakkwato, zuwa ɗansa, zuwa jikansa, har ya iso kan kakana, a ƙarƙashinsa ga Baba. Na ce to matan fa? Ya dube ni ta saman tabarau kamar na tambaye shi sunayen kaji. Babu mace ko ɗaya a takardar nan. Mutum ya haifi mutum, mutum ya haifi mutum, ka ce daga rami suke fitowa. Na faɗa masa haka, ya yi dariya har da tari.

Duk da haka ban dawo hannu biyu ba. Ya tuna cewa kakana a wajen mutanen Dinder ya yi aure, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi. Ba a daɗe da yaye Baba ba ya ci gaba da tafiya gabas don ya sauke farali, ya ce zai dawo, rai ya yi halinsa a hanya. Matar ta koma gidan iyayenta. Iyakar abin da maza suka riƙe game da ita ke nan.

Daga nan na wuce Dinder, daga Dinder na hau bayan lori zuwa ƙauyen. Wata mata mai sayar da ƙosai ta ga cikina ta ce ba za ta bar ni ina yawo a rana ni kaɗai ba, ta sauke ni gidanta, ta riƙa bin gida-gida da ni.

A nan na tafka kuskuren da har yau in na tuna nake dariyar kaina. Ni a Jazira na tashi, Larabci ya fi Hausa zama a bakina a lokacin, kuma ni kaina da sunan ɗana na fari ake kira na, ina amsawa da alfahari. Don haka duk tsohuwar da muka iske, sai in gaishe ta in ce ina neman labarin uwar wane, in kama sunan Baba. Sai su dubi juna. Ba su san wata mai ɗa da wannan suna ba. Biyu daga cikinsu suka ce suna ƙanana akwai wata gajeriyar bazawara da mijinta ya rasu a hanyar Makka, amma ita har ta mutu ba ta haihu ba, ba su taɓa ganin ta da yaro ba, ba su taɓa jin ta yi zancen yaro ba. Na ce to ba ita ba ce, na yi godiya na tashi. Ƙafafuna suka kumbura, na fara zargin tsohon Rusairis da ruɗewa.

Da la'asar mai ƙosai ta ce saura mutum ɗaya, amma in shirya, bakinta ba shi da linzami. Muka iske wata tsohuwa tukuf a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na maimaita tambayata. Ta sa na sake faɗin sunan. Sai ta ture ƙwaryar gefe ta ƙare mini kallo.

“Wa ya aiko ki da tambayar Larabawa? Ke ɗiyar wa ta? A kira ɗiyar Hausa da sunan ɗanta na fari? Da ƙasa ta tsage ta shige! Wadda kika nema ko sunan nan anka ambata kusa da ita, tashi taka yi ta bar wurin.”

Na ce, “Inna, an ce mini akwai wata bazawara, amma ba ta haihu ba.”

“Su wa sunka ce? Waɗanga yaran? Lokacin majina suka sha. Ta haihu mana. Ni na riƙe mata baya.”

Ƙawar kakata ce, ta girme ta da 'yan shekaru kaɗan. Ta faɗi sunan nan take, kamar wadda ke ƙwala mata kira daga bayan zana. Ba zan rubuta shi a nan ba, yanzu mai shi tana nan da ranta. Na dai maimaita shi a zuci har ya zauna, sannan na gyara zama, domin tsohuwa ta ɗauko zance kuma ba ta da niyyar ajiyewa.

A hanya aka haifi kakata, iyayenta suna tafe gabas, a bayan uwa ta shigo ƙasar nan. A bakin kogin nan ta yi wayo. Ta iya iyo fiye da maza, har ana yi mata faɗa. Daddawarta in ta buɗe, duk unguwa sai an sani. Ba ta da yawan magana amma tana da dariya, irin wadda ake riƙe ciki. Aka yi mata aure, ta haihu, ta shayar, ranar yaye yayar miji ta zo ta miƙa hannu. Haka ake yi, ba wanda ya zalunci wani, kuma da ta nuna ko a fuska cewa abin ya taɓa ta, da matan gari sun samu abin waƙa. Ta miƙa shi tana kallon wani wuri, ta koma ta ci gaba da tankaɗe.

Na ce, “To ranar da aka kawo shi fa? Ya ce ɓuya ta yi.”

“Ɗakina ta shigo. Ta durƙusa ga hudar zana, tun hantsi har sunka tafi ba ta ɗaga ba. Na kawo mata fura ba ta sha ba.”

“Ya ce ko gyaɗa ba ta taɓa aika masa ba.”

Tsohuwa ta tafa hannu. “Ji wauta! Ki aika ma yaron da ke hannun wata da abinci? Kin ce mata ba ta ciyar da shi ke nan. Zagi na. Matar nan ta riƙe shi da amana, mi za a zage ta?”

Sai ta ba ni labarin auduga. A zamanin, in auduga ta fashe a Jazira, matan ƙauyukan nan kan haɗa ƙunshinsu su tafi tsinka, su yi watanni su dawo. Akwai gonaki nan kusa, kwana kaɗan ka isa, kuma nan kowa ke tsayawa. Kakata kuwa sai ta ce audugar can wajen Hasahisa ta fi laushi a hannu. Kowa ya san ƙarya ce, auduga duk ɗaya ce, amma ba wanda ya tanka mata. Ƙawar tata kaɗai ke bin ta. Ba su taɓa sauka a gidan goggon ba, ba su taɓa tsinka a hawasharsu ba. Ta maƙwabta suke nema, wadda ke kallon bakin tur'a, babbar magudanar da yaran gari ke bi da awaki.

“In ta ji kukan awaki sai ta juya baya. Ta duƙa tana tsinka, ta ce min, ke, duba min wancan. Ba ta cewa ɗana, ba ta cewa yaro. Wancan. Ni in miƙe kamar ina gyara zane, in duba, in gaya mata. Ya yi tsawo. An yi mai aski an bar zanko. Yau yana ɗingishi, an ɗaure mai diddige da tsumma. Haƙoran gaba sun zube. Ta ce na sama ko na ƙasa? In ce na sama. Sai ta yi dariya, hawaye na ɗiga ga auduga. Shekara da shekaru ni ce idonta.”

A shekarar ƙarshe sun dawo daga tsinka, damina ta sauka, zazzaɓi ya kama kakata. Ba ta yi jinya mai tsawo ba. Ba ta kai talatin ba. Aka binne ta a maƙabartar gari, ba alama, kogi ma ya taɓa cin gefen wurin. Tsohuwa ta ce in ina son kabari ba ta da shi, abin da ta ba ni shi ne abin da ya rage.

Na yi kuka a gaban matan nan ban ji kunya ba. Kuma gaskiya haushi ya fi tausayi yawa a kukan. Ina girmama mutanen da, amma wannan al'ada ta ci kakata da rai, ta bar babana ya tsufa yana ganin ba a so shi ba. Ni ɗana na fari a gaban kowa nake sumbatarsa, wanda bai so ba ya kau da kai. Da na faɗi haka, tsohuwa ta ce ai ta ga alama tun daga tambayata.

Da na dawo gida ban yi gaggawa ba. Na huta, na yi wa Baba miyar kuka yadda yake so, na bari ya ci ya wanke hannu, sannan na zayyana masa komai. Ya saurara yana sakace. Da na gama ya ce tsohuwa ta ga mai ciki ta sha wahalar hanya, ta shirya mata tatsuniya don ta faranta mata.

Na ce, “To. Ta ce in tambaye ka, akuyar nan mai kunne guda da kake hawa in ka ga ba manya, ta wa ce? Ta ce kana rataya gorar ruwa a kafaɗar hagu har kafaɗar ta karkace. Ta ce shekarar da ka yi ɗingishi, diddigen dama ne.”

Ya daina sakace. Ban taɓa jin labarin akuyar nan ba sai a bakin tsohuwa, ba wanda ke raye a gidanmu da ya san shi. Ya sunkuya ya shafa diddigensa na dama, inda wani tsohon tabo yake. Ya ce lauje ya taka. Daga nan ya tashi ya ɗauki butarsa, alhali lokacin salla da saura.

Kwana biyu bai yi mini zancen ba, ni ma ban yi masa ba. Na san na riga na gama aikina. A rana ta uku ya aiko ƙanena ya ce in tambayi mijina izini, zan raka shi Dinder. Surukata ta ce da wannan tulun cikin ba inda za ni. Na ce ai ni na san hanya.

Mun iske tsohuwa a inda na bar ta. Baba, mai furfura, mai jikoki, ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kare ido da tafin hannu ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta ɗan juya kai gefe, kamar akwai wata duƙe kusa da ita.

“Ya yi ƙiba,” in ji ta. “Haƙoran dai sun sake zubewa.”

Matan gidan suka fashe da dariya, Baba ma ya yi, amma tasa ba ta ƙare da kyau ba, sai da ya sa bakin rawani ya goge fuska. Da ya natsu ya matsa kusa da ita.

“Inna, kin duba mata ni. Yanzu ki duba min ita. Ban ga fuskarta ba.”

Ta ce gajera ce, baƙa, mai wushirya. In tana tafiya kamar ana koro ta. Ta ce goshin nan nasa mai kama da gindin ƙwarya ba na gidan ubansa ba ne, kada wani ya ruɗe shi. Ya tambayi muryarta, ta ce siririya ce, in ta yi waƙar daka ba a jin ta daga waje. Ya tambayi ko tana da faɗa, ta ce sai an taɓa ta, amma in an taɓa ta a tambayi wannan mai cikin, ga irin nan zaune. Suka yi ta yi har rana ta yi sanyi, yana tambaya kamar yaro, tana amsawa tana zaginsa. Kafin mu tafi ya sa aka raka shi maƙabarta, ya tsaya a tsakiya, tunda ba a san wurin ba, ya yi wa kowa addu'a.

Na haihu bayan an gama tsinkar audugar shekarar. Mace ce, kamar yadda na faɗa, kuma ban bar kowa ya manta cewa na faɗa ba. Mijina ya cika alkawari, har ya ƙara da cewa Baba ne zai yi mata huɗuba.

Aka miƙa masa ita a cikin zane. Ya kai bakinsa kunnenta ya yi kiran salla, ya zo kan sunan sai ya tsaya. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa furta shi ba. Ya sake gwadawa, ya fito, a hankali, amma ni da ke kwance kusa na ji. Daga ranar bai ƙara faɗinsa ba, domin ɗa ba ya kama sunan uwa. Inna yake ce mata.

Ya daɗe riƙe da ita. Can ta buɗe ido, ta kafa masa su a fuska, ko ƙiftawa ba ta yi. Ya ɗan kawar da kai, ya dawo, tana nan tana kallonsa.

“Ku gane min,” in ji shi. “Wagga uwar tawa ba ta da kunya ko kaɗan.”